Shuɗin Gilashin Mai-Gani

Na fara saninsa a shekarar da aka ja layin dogo daga ramin tama zuwa masana'anta, wata huɗu kafin a hura tanderu na biyu. Ni akawu ne, sabon fitowa daga makarantar mishan, da biro biyu a aljihu. Shi kuwa aikinsa duban wuta. Yakan kara wani shuɗin gilashi, bai kai tafin hannu ba, a 'yar kafar tanderu, ya leƙa, ya faɗi ko ƙarfe ya nuna ko da saura. In ya ce a zuba, sai a zuba. Shi ya sa ake kiransa Mai-Gani.

Lokacin kasuwar ƙarfe ta buɗe. Taragu na shigowa da jar tama suna fita da sanduna, hayaƙi ya hana mata shanya. Shekara goma sha ɗaya yana kallon wuta, ita kuma tana cin idonsa a hankali.

Sai aka ce likita zai gwada idon duk ma'aikacin tanderu, wanda ya faɗi a sallame shi. Mai-Gani ya same ni a ofis da hutun rana, ya turo ƙofa.

"Akawu, allon nan na likita, ka san abin da ke jikinsa?"

"Na sani. Haruffa ne, layi bakwai."

"To, ɗura min su a ka. 'Ya'ya shida gare ni, ga tsohuwa."

"Haba yaya, kai da albashi ma da babban yatsa kake dangwalawa?"

"Aku ma ba ta je mishan ba, amma tana magana."

Kwana tara muna bita a bayan rumbun gawayi. Ya haddace har layin ƙasa, wanda ni da tabarau sai na ƙanƙance ido. Likita ya rubuta cewa idonsa garau yake. An koya mini a makaranta cewa ƙarya zunubi ce. Na sani, na kuma yi. Bai gode mini ba, ban kuma nema ba.

Bayan shekara biyu aka hura tanderu na uku, aka kwashi mutum ɗari huɗu a mako guda, har da ƙanena, wanda ya baro gona, ga mata da goyo. Aka sa ƙanen nawa duban wuta. Gilasan da aka aika a kawo ba su iso ba, aiki kuma ba ya jira, sababbi suka riƙa leƙawa ta tsakanin yatsu. Abin ya dame ni, amma na yi shiru, don ni na cika masa takardar neman aikin.

Kafin shekara ta zagayo Mai-Gani ya makance ɗungum. Aka sallame shi da kyautar agogon bango. Nakan tarar da shi a ƙofar ɗakinsa, fuska ga masana'anta, yana gane tanderun da ake zubawa daga ƙara kawai. In na yi masa jaje sai ya ce, "Akawu, layi bakwai ɗinka dai har yanzu ina ganinsu," ya karanto su, ya yi dariya. Ya rasu babbar 'yarsa ba ta gama makaranta ba.

Bara, masana'anta ta daɗe da mutuwa, muna ɗaure kayan ƙanena zai koma ƙauye, sai na ga shuɗin gilashi naɗe a tsumma, da 'yar tsagewa a kusurwa. Na shaida shi.

"Ina ka samo wannan?"

"Mai-Gani ya ba ni ran da na kama aiki. Ya ce yana da wani, kada in dame ka da zancen."

Ni ke raba kayan aiki a waɗancan shekarun. Ba shi da wani.

Ƙanena ya ba saba'in baya. Har yau shi ke zura wa matarsa zare a allura.