Daimon da Ruwan Randa

Da ikon Allah na ci abinci shekaru masu yawa da wasa farantan injin niƙa a Bodinga. Masu inji daga Kajiji da Dandin Mahe sukan ɗauro su a bayan babur in haƙoransu sun dakushe. Dutsen wasan da nake aiki da shi, shi ma yakan toshe ya yi santsi, kuma abu ɗaya ke gyara masa fuska: wani ɗan ƙarfe mai ƙwayar daimon a tsininsa, wadda ba ta fi ɗigon jim a rubutun ajami ba. Maigidan da ya koya mini aiki ne ya bar mini shi.

Wata ranar kasuwa yayana ya zo daga Shagari. Maƙeri ne, a bakin zuga ya tsufa. Ya tarar ina gyaran dutsen, ƙarfen ya ɗau zafi. Aka kira azahar, na ajiye shi na tafi alwala. Da na dawo sai na ga yayana yana tsamo ƙarfen daga randa.

"Yaya, mi kay yi?"

"Shina da zahi, na ba shi ruwa. Kai ɗan boko da inji, ƙarhe ka bari da ƙishirwa?"

Dariya yake yi. Na duba tsinin a hasken rana. Ƙwayar ta tsage, rabi ya faɗi. Daimon mai zafi ba ya son ruwan sanyi farat ɗaya, amma wa ya taɓa gaya wa maƙeri haka? Na yi salati, na ce mu je kada jam'i ya wuce mu.

Na nemi wani ƙarfen a Sakkwato. Wanda na samo bai kai mako ba ya suɗe. Na biyun ma haka. Dutsena ya riƙa ƙona faranti maimakon ya ci shi, gari yana fita da tsaki, mata suna mayar wa masu inji da niƙansu. Ba wanda ya yi mini faɗa. Sai dai na fara ganin babura suna wucewa ta gaban shagona da faranti a ɗaure, masu su suna ɗago mini hannu.

Yayana ya rasu bai san komai ba, don ban gaya masa ba. Shagon yanzu wani mai albasa ke ajiye buhuna a ciki. Injin wasan yana zaurena, an rufe shi da tabarma, kuma idona bai ƙara iya ganin haƙorin faranti ba.