Mutumin da Yake Kashe Mana Inji Kullum

Shekara talatin Don Saturnino Apaza ya yi yana tsara wa matuƙa jirgin sama hanya a filin jirgin Cochabamba, kuma ba matuƙin da bai taɓa ƙosawa da shi ba. Gajere ne, kullum da ganyen koka, wanda mutanen can ke taunawa, a kumatu. Ba ya sakin takardar tafiya sai ka faɗa masa da bakinka inda za ka nufa in inji ɗaya ya mutu a kan duwatsu.

"Baba, na'ura ta san wannan fa," nakan ce.

"Na'ura ba ta da uwa, 'yata. Maimaita."

Sai in maimaita ina hararar agogo: akwai wani tafki a hanya, kafin tafkin a juyo gida, bayan tafkin a karkata hagu a bi kwari har teku.

Ranar da abin ya faru ina mataimakiyar Kyaftin Zenteno, za mu garin Arica na bakin teku da mutum ɗari da tara. Mun wuce tafkin ke nan sai muka ji dum! Injin dama ya yi shiru. Wallahi kaina ya ɗauke. Jirgin da inji ɗaya ya rage masa ba ya iya riƙe wannan tsayin, dole ya sauko, ga ƙanƙarar dutsen Sajama a gabanmu. Kyaftin ya ƙure wa injin hagu wuta, ya rage gudu don mu riƙa zamowa a hankali. Sai na ga ya fara juyawa gida.

"Mun wuce tafkin! Hagu, Kyaftin, hagu!" Bakina ne ya faɗa, ni ban ma san na yi magana ba.

Ya kalle ni, ya karkata. Dutsen ya wuce ta damanmu, har ina ganin tsagar ƙanƙararsa. Da a ce baya muka koma, da tsaunukan can sun fi ƙarfinmu. Muka bi kwarin har muka sauka lafiya a Arica.

Da na dawo na sami Don Saturnino a teburinsa.

"Baba, sau nawa ka bi kwarin nan a jirgi?"

"Ni? Allah ya kiyaye! Ban taɓa shiga jirgi ba, tsoro nake ji. Da ƙafa na bi shi ina yaro, ina kiwo." Ya tofar da ganyen. "Duk jirgin da na sallama, ina nan zaune ina kashe masa inji a raina har ya sauka."

Ya turo mini takardar gobe, bai sake ta ba.

"Maimaita."