Tsakuwar Kawu Tela

Kawuna tela ne, kuma rabin kayan aikinsa a baki yake ajiye su. Allura a wannan gefe, maɓalli a wancan, zare kuwa sai ya lashe shi kafin ya zura. A haka yake hira, a haka yake ce wa masu ɗinki su dawo jibi, jibin da ba ta taɓa zuwa ba.

Bara sai ƙasan muƙamuƙinsa ya fara kumbura. Da ya ji ƙamshin girki, sai wajen ya tashi kamar ƙwai, ga zafi. Matarsa ta ce kwaɗayinsa ne ya fito fili. Ya yi dariya, amma na san tsoro yake ji, don kumburin wuya ne ya kashe wansa. Hankalina bai tashi ba sai da na ga Kawu yana gama ɗinki a kan lokaci, ya kuma daina karɓar sabo.

Da ƙyar na ja shi asibiti. Likita ya tura mu ɗakin hoto, muka tarar da benci cike da masu juna biyu. Kawu ya raɓe a ƙarshe yana kallon silin. Wata ta dubi tumbinsa ta ce, "Baba, wata nawa?"

Mai hoton ta shafa masa wani ruwa mai kauri a wuya, ta ba shi lemun tsami ya tsotsa don yawu ya taso, ta dinga goga na'urar. Can ta nuna wani farin abu a allon, da inuwa a ƙarƙashinsa.

Kawu ya zabura. "Maɓallin rigar angon nan ne. Wallahi har ƙarƙashin keke na neme shi."

"Tsakuwa ce, Baba," in ji ta. "Jiki ne ke yin ta. Ita ta toshe hanyar yawu, kuma za a cire."

Muryarsa ta yi ƙasa. "Ba ciwon daji ba ne, 'yata?"

"Ban ga alamarsa ba."

Ya goge ido, ya ce tsamin lemun ne.

Da aka cire ta sai da ya jujjuya ta yana neman kafar zare, sannan ya jefa ta gwangwanin maɓallai. Ran nan ina shagonsa sai wani ya kawo yadi. Kawu ya karɓa, ya lashi zare, ya ce, "Ka dawo jibi."

Ban taɓa jin daɗin ƙaryarsa irin na ranar ba.