Shekarar da Shanu Suka Taka Mana Tubali

Wata Lahadi ce ta ƙarshen kaka, shekarar da nake aji uku a lakwal, wato makarantar boko. An gama ɗaure gero an kai rumbu, sai ragowar wake da mata ke tsinta a gonaki. Tun rana ba ta yi zafi ba Inna ta tura ni da ƙanena Sule bakin tabki, mu juya tubalin da Baba ya shanya don ɗaya gefen ma ya sha rana. Muna tafe muna gardamar wanda zai riga wani gama sahunsa, sai muka ji kukan shanu daga wajen ruwa. Na ruga na hau ɗan tudun da ke gaban tabkin, abin da na gani kuwa har gobe yana idona. Filin da Baba ya jera tubalinsa ya cika maƙil da shanu, farare da jajaye, wasu na shiga ruwa, wasu na fitowa, wasu na tsaye suna tuƙa hankali kwance kamar gonar ubansu. Busasshen tubali ya rugurguje, ɗanye ya koma taɓo, duk sun cakuɗe ƙarƙashin kofato. Sule ya fashe da kuka. Ni ko kukan ma bai zo mini ba, na juya da gudu na yi gida.

Wanda bai san gidanmu ba zai ce ai ƙasa ce kawai, a sake kwaɓa wata mana. Mu a lokacin muna zaune ne a babban gidan kakanmu, a wani ƙauye kusa da Attantane cikin ƙasar Mayahi, kuma rabon Baba a gidan ɗaki ɗaya ne, don shi ne auta. Mu da iyayenmu duk a nan muke curewa. Rufin ya tsufa, gara ta ci azara, in hadari ya haɗu Inna ba ta da aiki sai jera kwanuka a inda yoyo ke zuba, mu kuma mu takure a lungu muna sauraron ɗigarsa. Baba yana da filinsa na gado a gabas da gari, ƙarƙashin wani gawo, kuma tun ban yi wayo ba nake jin yana cewa zai gina. Amma kowace shekara da abin da zai tare shi, yau ƙarancin ruwa, gobe auren ƙanwarsa, jibi ciwon ƙafa. Da an tambaye shi sai ya ce, "Sai baɗi, in Allah ya kai mu." Mutanen garinmu kuwa ba su barin irin wannan ta wuce, suka laƙaba masa Sai-Baɗi, sunan ya bi shi har kasuwa. A lakwal ni ce ɗiyar Sai-Baɗi, kuma na sha dambe a kan haka, don tun ina ƙarama ba ni da haƙurin raini.

Daminar wannan shekarar ce ta kai abin maƙura. Jaririyar Inna ta kamu da tari saboda sanyin ɗakin, ta yi ta fama har muka fitar da rai, kafin Allah ya tashi kafaɗunta. Ranar da ta fara karɓar nono sosai, na ji Baba ya ce wa Inna, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Damana mai zuwa ba ta iske ki cikin ɗakin ga." Inna ta ci gaba da tankaɗenta, amma ni na riƙe maganar.

Gini a ƙasarmu tsere ne da ruwa. Garin duk rairayi ne, rijiya kuma zurfinta sai an ɗaura wa sa guga ya ja, ba wanda zai ɓarnatar da ruwanta a kwaɓin ƙasa. Laka mai kyau a bakin tabki kaɗai take, shi kuma tabkin da an gama kaka yake fara ja da baya kullum, har ya zama tsagaggen fili. Wanda bai buga tubalinsa kafin nan ba, to, shi da gini sai wata shekara. Baba ya ji kunyar kiran gayya, don ya san dariya za a yi masa, sai ya ɗauke mu mu kaɗai. Shi ke haƙo laka, mu ke tara kashin jaki a kwando da ƙaiƙayi daga masussuka, a zuba, mu shiga da ƙafa muna takawa. Da farko wasa muka ɗauke shi, muna tsalle muna waƙar gaɗa, ina ɗiban laka a ɓoye ina gina 'yan tukwane. Amma ƙafar yara ba ta da nauyi, ƙasar ba ta laushi yadda ya kamata, tubalin da ya bushe sai ka ga da yawa ya tsage. Baba yakan ɗauki ɗaya ya juya shi, ya mayar.

Inda ya zaɓa ya shanya kuwa, gefen arewa ne na tabkin, wuri shimfiɗaɗɗe ba ƙaya ba kututture. Kowa ya san abin da ya share wurin, mashayar dabbobi ce tun kaka da kakanni. Shi ma Baba ya sani, sai dai ya yi lissafin cewa makiyaya ba su saukowa daga arewa sai an ba da sanarwar sakin gonaki, kuma da sauran lokaci. Bai san tafkunan arewa sun ƙafe da wuri a shekarar ba. Shanu kuma da sun ji ƙanshin ruwa ba su san sanarwa ba.

Kafin mu dawo da Baba, rabin gari ya taru a bakin tabkin. Samari sun fito da sanduna, ana ta hayaniya. Mai shanun ashe Agali ne, wani Buzu dogo mai sanyin magana, wanda kowace shekara yakan sauka a gonarmu da iyalinsa bayan girbi, dabbobinsa su ci kara su bar mana taki, matarsa ta kawo wa Inna cuku ta karɓi gero. Yana tsaye riƙe da sandarsa, ya ja rawaninsa ya rufe baki, abin ya dame shi ƙwarai amma bai ja da baya ba, don ya san a kan mashaya yake. Baba ya isa ya tsaya ya dubi wurin, sai kawai ya tsuguna ya dafe kai. A nan ne Baba Idi, yayan mahaifina, wanda bakinsa bai taɓa hutawa ba, ya ce, "To, Sai-Baɗi, sai haƙuri. Baɗi ma ai shekara ce." Wasu suka yi dariya. Ban taɓa jin zafin magana kamar wannan ba, da ina da ƙarfi da na jefe shi da laka.

Inna ce ta zo daga baya, goye da jaririya. Ba ta kula kowa ba, ta tattare zaninta ta shiga taɓon don ta ga ko akwai tubalin da za a tsira da shi. Ta yi taku kaɗan sai ta tsaya. Ta duƙa ta ɗebo ƙasar, ta murza, ta dunƙula, ta ja ta, ƙasar ta biyo hannunta ba ta yanke ba. Inna ita ke yaɓen rumbunmu da daɓen ɗaki, ta san laka kamar yadda ta san tuwo. Ta ɗago ta ce, "Malam, taho ka taka ka ji." Baba ya tashi kamar ba ya so, ya cire takalmi ya shiga. Na ga fuskarsa ta sauya. Shanun nan, da shigarsu ruwa da fitowarsu, sun tattake laka da ƙaiƙayi da kashinsu wuri guda, sun yi a safiya ɗaya abin da ƙafafunmu suka kasa a makonni.

Baba ya fito da taɓo har gwiwa ya nufi Agali. Samari suka gyara riƙon sanduna, kowa na jiran a ce a tafi gaban mai gari a yi maganar ɓarna. Sai muka ji ya ce, "Agali, ni ban da ƙara, ni na shanya bisa hanyarku. Roƙo ɗaya gare ni. Gobe in na haƙo laka na zuba ƙaiƙayi, ka sake koro mani su." Agali ya dube shi, sannan ya sauke rawanin daga bakinsa, ya yi dariya har haƙoransa suka bayyana. Ya ce, "In don wannan ne, aboki, har jakkai na ba ka." Wata tsohuwa a bayana ta tafa hannu ta ce, "Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki." Samarin suka sulale ɗaya bayan ɗaya, sanduna a kafaɗa kamar dama kiwo suka fito.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a ƙuruciyata. Da hantsi Baba ya gama haƙa, mu watsa ƙaiƙayi, mu yayyafa ruwa da ƙwarya, Agali ya kora shanun su yi ta zagaya wurin yana yi musu wani irin fito da suka sani. Wasu sukan tsaya su lashe ƙaiƙayin, aikina ne in kore su, kuma na yi shi da iko kamar sarauniya. In sun fita, Baba ya kawo akwatinsa na katako na buga tubali, ya jiƙa, ya cika, ya danna, ya zare, tubali ya fito sumul. Wannan karon a gefen kudu muka shanya, aka kewaye da ƙaya. Ruwan tabki na ja, sahunmu na ƙaruwa, har mushe, malaminmu a lakwal, ya gaji da yi mini faɗan laka a farce. Tubalin da ya bushe, Baba ya ɗaga shi daidai ƙirji ya saki, ya faɗi bai fashe ba. Wani maraƙi mai ƙiriniya ya taɓa tsallake ƙayar ya taka ɗanye guda, kofatonsa ya fito raɗau a tsakiya. Sule zai mayar da shi cikin kwaɓi, Baba ya ce a bar shi, ya ajiye shi gefe. Ranar da muka buga na ƙarshe, abin da ya rage a tabkin bai fi a wanke ƙafa ba.

Jakunan Agali ne suka kwashe tubalin zuwa gindin gawo, mu ma muka ɗauki namu a ka da gammo. Tulin ya yi tsayi har ana hango shi daga masallaci, kuma a nan ne Baba ya samu bakin kiran gayya. Ya raba goro, Inna da maƙwabta suka kwana biyu suna daka, aka dama fura a manyan ƙore, aka tuƙa tuwo da miyar kuka. Da safe liman ya zo ya duba alƙibla, aka kafa turaku aka ja igiya, ya yi addu'a aka shafa, aka raba mana gumba sadaka. Baba ya ɗaga diga ya yi bisimilla ya sari ƙasa, sara na farko na harsashin gidanmu. Ina tsaye kusa da shi, riƙe da gumbata, daɗi ya lulluɓe ni. Mutanen da suka yi dariya a bakin tabki su ne suka jeru ana miƙa tubali hannu da hannu, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Har Baba Idi ya zo, ya tuɓe riga ya shiga rami, yana aiki yana mita cewa igiyar ta karkace. Kafin la'asar katanga ta kai gwiwa. Da aka zo gefen ƙofa, Baba ya ɗauko tubalin nan mai kofato ya miƙa wa magini, ya ce a sa shi fuskarsa na kallon waje.

Da yamma ana cin tuwo wani ya yi suɓutar baki ya kira shi da tsohon sunan. Baba Idi ne da kansa ya ɗago daga akushi ya ce, "Wane Sai-Baɗi? Ba ka ga bana ba?" Daga ranar sunan ya fara mutuwa, ni ma na huta da dambe. Sauran ginin a hankali aka yi shi cikin rani, da ruwan rijiya tulu-tulu, amma hadarin farko na damina a sabon ɗaki ya same mu. Inna ta ɗauko kwanukanta bisa sabo, ta tsaya tana duban rufi, sannan ta yi murmushi ta mayar da su.

Yanzu in za a yi gini a garinmu, waya ake bugawa Tasawa, mota ta kawo siminti da kwanon rufi, a ɗauki ma'aikata, maƙwabci ma sai ya ga katanga ta tashi ya san ana yi. Sule ya gina nasa haka a cikin filin, yana da kyau, ban raina ba, sai dai da rana zafinsa ba ya zaunuwa. Tabkin rairayi ya cinye rabinsa, gonaki sun matse hanyar dabbobi, jikokin Agali sun daina biyowa ta wajenmu. Baba ya riga mu gidan gaskiya, Inna kuma ta ƙi barin ɗakinta na ƙasa, kowace shekara tana sa a yaɓe shi, amma ta hana a rufe wuri ɗaya a gefen ƙofa. In na je gida da 'ya'yana, ƙaramar takan sa yatsunta cikin ramin kofaton ta tambaye ni wa ya gina ɗakin nan. Nakan ce mata kakanta ne, shi da shanun da suka zo rushe shi.