Muciyar da Hajiya Ta Karɓe

Ni ce mai tuƙa tuwo a gidan abincin Hajiya da ke unguwar Asawase. Muna da yawa a ƙarƙashinta, kowa da aikinta, amma muciya tawa ce. Direbobin torotoro, motocin haya, daga tashar Kejetiya suke tasowa saboda tuwona.

Da na samu ciki sai na ɓoye. Mijina ba shi da aiki a lokacin, kuma na ga yadda aka sallami wata mai ciki a inda na taɓa aiki. Na riƙa ɗaura zani sama-sama, in jiri ya kwashe ni in dafa bango kamar ina gyara takalmi.

Wata safiya Hajiya ta leƙo tukunya ta taɓe baki. "Wannan tuwon duk gudaji. Ba ni muciyar, je ki tsinke ganyen ayoyo."

Gudaji a tuwona? Raina ya ɓaci. Na zauna a inuwa ina tsinkar ganye. Ita kuwa, mai ciwon gwiwa, ta tsaya cikin hayaƙi tana tuƙi, gumi har wuya. Kashegari ma haka, jibi ma haka. Abokan aiki suka fara kirana madam. Na kasa cin abinci, na kasa zama wuri ɗaya. Duk matar da ta shigo ta gaida Hajiya, sai in ce ita ce za a ba aikina.

Ranar da na ga ta dafe ƙugu tana nishi, na kasa haƙuri. Na ce, "Hajiya, in korata za ki yi, ki kore ni kawai. Amma tuwona bai taɓa gudaji ba."

Ta share fuska da bakin mayafi. "Na sani. Nawa ne ke gudaji, direbobi sun ishe ni da ƙorafi."

"To me na yi?"

Ta dubi cikina, ta rage murya don kada sauran su ji. "'Yata, na haihu, na san tafiyar mai ciki. In na ɗauko wata, ba za ta yarda ta sauka ba ranar da kika dawo. Ni kuwa zan sauka. Koma inuwa."

Na koma. Ganyen ma ban iya ganinsa sosai ba saboda ƙwalla.