Kibiyar da Malam Ya Zana a Juye

Ana idar da sallar asuba muka bar Zariya, ni da abokin karatuna, kwamfutata a kan cinya na rungume ta kamar jinjiri. Ba yawon buɗe ido ya kai mu Kaduna ba. Wa'adin digirina na biyu ya zo ƙarshe, in ban kai sakamako a wannan watan ba, sallama ce kawai.

Aikin nawa amfilifaya ce ta ƙara ƙarfin siginar rediyo, kuma kafin a haɗa ta sai an gwada ta a kwamfuta. To a nan gizo ke saƙa. Duk sanda na kunna gwajin, ƙarfin da ke shiga sai ya fito da alamar ragi, lissafin ya yi ta lilo ya ƙi tsayawa, daga ƙarshe manhajar ta ce ta gaza. Malamin da ya zana mini da'irar lantarkin tun farko ya yi ritaya ya koma Unguwar Dosa a Kaduna, ciwon ido ya kwantar da shi.

Direbanmu mai gudu ne, ga karatun Alƙur'ani a rediyo ga kwana ba birki, har wata dattijuwa a baya ta ce masa, "Ɗan nan, ba yau muke son zuwa lahira ba." A Kawo muka sauka muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan Kaduna ya rame, kuɗinsa kuwa ya yi ƙiba. Daga nan keke napep ya shiga da mu layukan Unguwar Dosa, ma'aikata na ta fitowa da jakunkuna.

Mun tarar da Malam a kan darduma, baƙin tabarau a fuskarsa. Da na yi sallama ya juyo da kunne, ba da ido ba. Wallahi ban san abin ya kai haka ba. Bayan doguwar gaisuwa matarsa Hajiya ta aiko mana da waina da miyar taushe, sannan ya ce, "Buɗe kwamfutar, ka karanto mini da'irar daga inda sigina ke fitowa, kada ka tsallake komai."

Na dinga karantowa har na iso ma'aunin da ke ƙofar shiga. Ma'aunin yana da 'yar kibiya mai nuna inda lantarki ya dosa.

"Ina kibiyar ta kalla?" in ji shi.

"Baya, Allah ya gafarta Malam. Wajen da siginar ta fito."

"Wa ya sa ta haka?"

Na sunkuyar da kai, sai ka ce yana ganina. "Haka take a zanenka."

Sai ya bayyana mana: kibiyar na juye, don haka manhajar na ganin ƙarfi fita yake yi, sai ta yi ta ƙara wuta tana neman adadin da ba za ta taɓa samu ba. Ya ce in juya ta, in fara gwajin da ƙarfi kaɗan, ina ƙarawa sannu a hankali. Na yi. Lissafin ya tsaya cak, lambobi suka jeru. Abokina ya saki kabbara.

Malam bai yi murmushi ba. Ya ce, "Ka taɓa lura da ita?"

Na ce na lura, amma na ɗauka akwai hikimar da ban kai ba. Ni wa, da zan gyara wa Malam zane?

"Lokacin da na zana ta idona ya fara tafiya, ban gaya wa kowa ba," in ji shi. "Ni kunya ta hana ni faɗa, kai kunya ta hana ka tambaya."

Bayan la'asar muka kamo hanya. Na samu abin da na je nema, amma raina a jagule yake. Tafiyar nan ta koya mini cewa ladabin da ke rufe baki ba ya kare malami. Akwai ɗalibai uku da ke bayana, duk da zanen nan suke aiki, kuma babu wanda ya taɓa kibiyar. Da muka iso Zariya ban wuce gida ba, ɗakinsu na fara zuwa.