Yaya Sani da na'urar da aka hana shi kashewa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan matarsa ta kira ni daga Agadas: Yaya Sani ya rasu a asibiti, bayan ciwon ƙirjin da ya daɗe yana fama da shi.

Ban gama share hawaye ba na ga shef ɗinmu, wato shugaban wajen aikinmu, ya sa hotonsa a shafinsa, har da "mun yi babban rashin gwani". Shef, yau ne ka san gwani ne? Na yi niyyar in yi shiru saboda ranar, amma wallahi na kasa.

Ga wanda bai san shi ba, ni da Yaya Sani mun yi aiki a wani ɗan biro, wato ofis, a Akokan kusa da Arlit, na ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan ramin haƙar ma'adinai. Ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, amma Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce ƙanwata. Aikinmu shi ne mu ɗauki hoton takardun dattawa mu adana a na'ura: shaidar shekarun da mutum ya yi a ƙarƙashin ƙasa, da hotunan huhunsa na shekara-shekara. Ni nake shigarwa, shi yake kula da na'urorin guda biyu, babba da ƙarama.

Shi ma ya shiga ramin, a aikin lantarki, kafin ya koma wajen kwamfuta. Takardunsa na asali ruwan sama ya lalata su da ɗakinsa ya rufta, sai hotunansu da suka rage a babbar na'ura.

Akwai abin da yake kira nuwayo, wato zuciyar tsarin da na'ura ke gudana a kai. Duk lokacin da aka gano wata kafa a cikinsa da ɓarawo zai iya bi, masu tsarin sai su fito da gyara. A 'yan shekarun nan gyaran ba ya ƙarewa, ka gama wannan wani ya fito, wani lokaci sau biyu cikin mako guda. Yaya Sani ba ya barin ko ɗaya ya kwana. Ya sauke mizajur, wato gyaran, sannan ya kashe na'ura ya kunna, domin ya ce sabon nuwayo ba ya fara aiki sai an yi hakan.

Kashewar nan ita ce laifinsa.

Na'urorin tsofaffi ne, tashinsu sai an yi haƙuri. Dattawa na zaune a rumfa suna jiran takardunsu, shef na zagaye yana duba agogo. Ran nan babbar ta ƙi tashi tun hantsi har la'asar. Daga ranar aka sa masa suna Malam Mizajur. Wasunku da ke rubuta "Allah ya jiƙan rai" yanzu a ƙarƙashin hoton nan, ku ne kuke kiransa da shi kuna dariya. Ina nan, na ji ku.

Shi kuwa ko a jikinsa. In ya kashe na'ura sai ya fita rumfa ya ɗora shayi, ya karɓi wayoyin dattawa yana ƙara musu girman rubutu. In mutanen Gugaram suka kawo masa cuku, sai ya raba biyu ya ce in kai wa yarana.

Da mahaifiyata ta kwanta, wata guda ya haɗa aikina da nasa, bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Amma shef yana da abin alfaharinsa. Ya sa wa babbar na'ura batir da hasken rana, yana nuna wa baƙi cewa ko an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ba ta mutuwa. Ya ce abin da ke aiki lafiya ba a taɓa shi, kuma wane ɓarawo ne zai tsallake duniya duka ya zo Akokan satar hoton huhun tsoho. Da Yaya Sani ya ƙi bari, sai ya karɓe makullin ɗakin a gaban mutane, ya ce ya je ya huta tunda tari ya dame shi. Ya miƙo mini makullin.

Na karɓa. Wannan ma sai na faɗa, don fushin nan ba da shef kaɗai nake yi ba.

Kafin ya tafi, Yaya Sani ya rubuta mini matakan a bayan wani kwali ya manna a bango. Ina bin su duka, ban da na ƙarshe. Shef ya hana, ni kuma ina tsoron in kashe ta ƙi tashi a hannuna. In ya kira ni a waya ya tambaya ko na yi mizajur, sai in ce na yi. A raina ina cewa ai ba ƙarya na yi ba, tunda na sauke.

Wata safiya na buɗe babbar na'ura, babu fayil ɗaya da ke buɗuwa. Wanda muka kira ya duba ya ce an shigo ta wani saƙo da shef ya danna, daga nan aka bi wata kafa a tsohon nuwayo aka kama komai. Gyaran kafar yana zaune a cikin na'urar tun tuni, jira kawai yake a kashe a kunna.

Ƙaramar ta tsira. Kun san dalili? Ba ta da batir. Duk lokacin da aka ɗauke kuran sai ta mutu ta sake tashi da sabon nuwayo. Ɗauke wutar da muke zagi kullum ita ta yi aikin da na kasa yi. Sai dai rabin takardun ne kawai a cikinta, kuma na Yaya Sani ba sa ciki.

A lokacin likitan Agadas ya ce ya zo da tsofaffin hotunan huhunsa a gwada da na yanzu. Ba na ce rashinsu ne ya kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma mutumin da ya adana na kowa ya tafi wajen likita hannu rabbana.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a tashar Arlit ce, yana zaune a benci yana jiran motar Agadas, ya rame. Na durƙusa na faɗa masa abin da ya sami babbar na'ura da takardunsa. Ya yi tari, ya ce:

"Ƙanwata, kin sauke?"

Na ce na sauke, Yaya.

"Kin kashe kin kunna?"

Na ce ban yi ba. Na so ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Sai ya ce: "To, ya wuce. Ki je ki kula da ɗayar, akwai mutane a ciki."

Shef bai je tashar ba. Bai kira shi ba ko sau ɗaya. Abin da ya yi shi ne ya cire batirin babbar ya sa wa ƙaramar, ya kuma ce kada in kuskura in kashe ta, yanzu da ita kaɗai ta rage. Har yau bai gane abin da ya faru ba, kuma ba ya son ya gane.

Jiya wani sabon gyara ya fito. Na sauke, na zauna ina kallon kwalin nan, na tashi na tafi gida.

Yau bayan azahar zan kashe ƙaramar in kunna. Dattawan da za su zo karɓar takarda, ku yi haƙuri ku zauna a rumfa, zan ɗora shayi. Shef, na san kana karantawa. In makullinka kake so, ka zo ka karɓa bayan ta tashi, kuma kafin nan ka cire hoton bawan Allahn nan daga shafinka.

Ya Allah ka jiƙan Yaya Sani, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. Ni ma ku roƙa mini gafara, ban samu na ce masa ya yafe mini ba kafin motar ta tashi.